Ina Za a Kai Yara Hutu?

Da zarar an rufe makarantu, magidancin da ya tara ɗan abin hannu yakan so ya fitar da iyalinsa su sha iska. Wannan niyya ce mai kyau, amma sau da yawa akan zaɓi wurin zuwa don suna da burge maƙwabta, alhali kuwa bukatar yaran ce ya kamata ta yanke hukunci. Abin da zai faranta wa ɗan shekara 15 rai na iya wahalar da ɗan shekara 3.

Ga mutumin Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, tambaya ta farko ita ce lafiyar hanya. Dajin Rugu da ke yankinsu, wanda a dā makiyaya ce, ya koma maɓoyar 'yan bindiga, kuma ba a manta da Disambar 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Ko da yake an yi zaman sulhu a Batsari da Jibiya a 2025, mai hankali ba zai ɗauki yara da dare ba. Wurin da ba za a kai shi kafin la'asar ba, a haƙura da shi.

Na biyu shi ne lokaci. Yankari ta Jihar Bauchi, wadda aka buɗe wa jama'a a 1962, tana da giwaye da gwaggon biri da maɓuɓɓugar Wikki mai ɗumin awo 31. Amma da rani ne namun daji ke taruwa a bakin kogin Gaji har a gan su sosai. Dogon hutu kuwa yakan faɗo tsakiyar damina, sa'ad da ciyawa ta rufe daji, sauro kuma ya yawaita. Wanda ya kwashi jariri daga Katsina zuwa can a watan Agusta, kuɗin mota da na magani kawai zai ƙarar. Gara a ajiye wannan tafiya sai hutun Disamba, kuma sai yaran sun yi wayon da ba za a yi fargabar su a bakin ruwa ba.

Na uku, a duba ko wurin yana da rabon kowa. Ƙaramin yaro inuwa yake so, da ruwan sha mai tsabta, da asibiti a kusa. Ɗan firamare yana son abin kallo, kuma Gidan Zu na Kano, wanda aka kafa zamanin Gwamna Audu Bako, ya ishe shi yini guda. Ɗan sakandare kuwa ilmi zai ƙaru da shi. A birnin Katsina akwai Hasumiyar Gobarau, akwai kuma ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A Daura ga Rijiyar Kusugu, wadda ake danganta ta da labarin Bayajidda da macijiya. Kwana biyu tsakanin Katsina da Daura, a sauka a gidan 'yan'uwa, sun fi mako guda a hotal mai tsadar da zai jefa ma'aikaci cikin bashi ana gab da komawa makaranta.

Wasu za su ce maganar hutu ba ta dace ba a inda noma ma ya zama kasada. Suna da hujja. Sai dai yaron da ya tashi bai san kome ba sai gudu da ƙarar bindiga shi ya fi kowa bukatar ganin cewa ƙasarsa tana da tarihi da wuraren zaman lafiya. Saboda haka lalle ne Gwamnatin Jihar Katsina ta tsare hanyar Batsari zuwa Katsina, ta gyara wuraren tarihi ta samar musu da ruwa da makewayi, makarantun yankin kuma su riƙa shirya wa ɗalibai ziyara da rana bisa kuɗi kaɗan, domin 'ya'yan talakawan da iyayensu ba su da halin kai su ko'ina.