Kifi da Ganye a Bayan Ɗaki: A Fara da Bokiti Kafin a Sayi Inji

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiya biyu da na halarta cikin ranin nan, ɗaya a ƙasar Batsari ɗaya a ƙasar Safana, tambaya guda aka yi mini. Samari sun gani a wayoyinsu yadda ake kiwon kifi cikin tanki, ruwan kifin yana zagawa ta ƙarƙashin ganye, ba ƙasa, ba takin zamani. Turawa suna ce da wannan dabara akwafonik. To, samarin suna so ƙungiya ta ba su rance kowa ya kafa nasa a gida. Amsata ita ce, abin gaskiya ne, yana kuwa aiki. Amma wanda bai taɓa riƙe kifi har ya kai shi kasuwa ba, kada a ba shi rancen inji tukuna.

Ban ga laifin samarin nan ba. Duk wanda gonarsa take gefen dajin Rugu ya san abin da aka sha, musamman a damunar 2019 da ta 2020, sa'ad da zuwa gona ya zama sayar da rai. Wanda ya ga wannan, ko an sami sauƙi, zuciyarsa ta fi kwanciya da abin da yake cikin danga. Ba mu kaɗai muka yi wannan tunani ba. Daga shekarar 2010 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, ta gwada lambuna da tankunan kifi a kan rufin gidaje a Zirin Gaza domin iyalan da ba su da filin noma. A 2014 kuma ta buga littafi sukutum a kan yadda ƙaramin manomi zai haɗa kifi da ganye. Alƙaluman da zan kawo nan gaba daga cikinsa suke.

Bari mu fahimci yadda abin yake tafiya, domin a nan ne masu farawa suke tuntuɓe. Kifi yana ci yana fitar da dauɗa, ta kashinsa da kuma ta kumatunsa. A cikin dauɗar akwai wani sinadari mai ɗoyin fitsari da ake kira amoniya, wanda in ya taru yakan kashe kifin. Ɗan injin lantarki yana tura ruwan nan zuwa kwami da aka cika da wankakkiyar tsakuwa. A jikin tsakuwar akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne suke juya gubar ta zama taki. Saiwar alayyafo ko latas ta sha takin, ruwa ya komo wurin kifi da tsabta. Ashe dabbobi biyu mutum yake kiwo, kifin da yake gani da ƙwayoyin da ba ya gani. Ƙwayoyin nan kuwa ba sa taruwa rana ɗaya, sai an yi mako 3 zuwa 5 ruwa yana zagawa kafin su isa aiki. Wanda ya haɗa tanki yau, gobe ya zuba kifi ɗari, ya sayi asara da kuɗinsa.

Dukan wannan zagaye a kan injin nan ya rataya, injin kuma a kan wuta. Ku da kanku kun san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu, inda ma aka ja ta. Ni na koyi wannan da tsada. Gwajina na fari da karfasa na yi shi, cikin rabin duro biyu a bayan ɗakina. Wata ranar Afrilu na tafi rangadi na kwana, aka ɗauke wuta, da na komo uwargida ta tarye ni da kwano cike da matattun kifi. Ganyen ma ya yi laushi kamar an zuba masa ruwan zafi. Janareta ba magani ba ne, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai zai cinye kifin da ganyen gaba ɗaya. Farantin hasken rana shi ne hanya, amma sai da batir domin dare, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai koyo.

Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce ya zama shi ne injin. Ya sami tanki guda, irin farin nan na roba mai kejin ƙarfe wanda yake cin lita 1,000, ya yanke bakinsa, ya ajiye shi a inuwa. A tambaya sosai abin da aka taɓa zubawa a ciki, in maganin feshi ne ko wani sinadari a bar shi ko da kyauta aka ba ku. A zuba tarwaɗa, kada a fara da karfasa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa kuke tarar da ita da rai cikin taɓon tafki bayan sauran kifi sun mutu. A sayi 'ya'yan da suka ɗan tasa, masu tsawon yatsa ko fiye, kamar 30, a ɗauko su da sanyin safiya. Ko ga mai inji, ƙa'idar da aka bayar ita ce kada nauyin kifi ya wuce kilo 20 a cikin lita 1,000, balle wanda ba shi da inji. Kowace safiya a ja ruwan ƙasan tankin, inda dauɗa take kwanciya, a kai shi fangalin alayyafo, da rama, da lalo, da kuɓewa, sa'an nan a cika tankin da sabon ruwan rijiya. Ƙasar fangalin ita za ta yi aikin da tsakuwa take yi, ba ta kuwa bukatar wuta.

A wata biyar ko shida na wannan aiki mutum zai koyi abin da waya ba za ta koya masa ba. Zai gane cewa tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, dole a riƙa ware manya daga ƙanana. Zai ga cikin hunturu, Disamba da Janairu, ruwa ya yi sanyi kifi ya rage ci, in aka ci gaba da zuba abinci kamar da sai ya ruɓe ya ɓata ruwan. Zai san tana tsalle ta fito da dare in ba a rufe da raga ba, murfin kuma ya zama mai ƙarfi saboda yara. Abin da ya fi duka, zai san kuɗin buhun abincin kifi, wanda shi ne yake cin fiye da rabin abin da ake kashewa a kiwon. Da yawa daga masu ɗokin nan a buhu na biyu za su tsaya. Gara su tsaya da bashin tanki guda.

Wani dattijo a Safana ya kawo mini suka mai ƙarfi, ba kuwa zan ɓoye ta ba. Ya ce, "Malam, wannan bokitin naka ruwa yake sha, mu kuwa a watan Maris jarka muke saye." Gaskiyarsa. In ana canja lita 200 kowace rana, jarka takwas ke nan mai lita 25. Mai inji kuwa abin da yake ƙarawa a rana kashi 1 zuwa 3 ne cikin 100, watau lita 10 zuwa 30 a tankin lita 1,000. A nan ne akwafonik ya yi fice, kuma a ƙasa irin tamu mai dogon rani wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ku lura, ruwan bokitin ba zubarwa ake yi ba, shi ne wanda dā ma za a ba lambu. Mai rijiya a gida ko kusa da gida bai yi asarar kome ba. Wanda yake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ina ganin ya dakata, ko kuwa ya yi kiwonsa da damuna kaɗai, ya tari ruwan indararo.

Na inji kuwa, ƙungiya ta kafa guda ɗaya tak da kuɗin asusu, da farantin hasken rana da batir, a gidan wanda kullum yana nan. Sau da yawa wannan mace ce, don haka kada a yi taron koyarwa a bar mata a waje. A sayi kayan awon ruwa, a ajiye littafi a rubuta kowane awo na abinci da kowane kifin da ya mutu. A daidaita ganye da abinci: giram 40 zuwa 50 na abincin kifi a rana shi yake ciyar da murabba'in mita ɗaya na ganye. A fara da alayyafo da latas, tumatir da tattasai su jira sai tankin ya kwana biyu. Kada kuma wani ya ga ƙwari a ganye ya ɗauko abin feshi yadda muka saba yi wa wake, gama abin da ya sauka kan ganyen nan cikin tankin kifi zai ƙare. Da hannu ake tsince su.

Kada kowa ya sa rai tankin nan zai ciyar da gida. Gero da dawa da rogon Batsari ba sa fitowa a tsakuwa. Abin da zai bayar shi ne ɗanyen ganye a lokacin da kuka da busasshiyar kuɓewa kaɗai ake kaɗawa, da kifi a bakin yara, da ɗan kuɗin sabulu in an yi banda an kai kasuwa. Bayan shekara guda a buɗe littafin nan a gaban taron ƙungiya, a karanta abin da aka kashe da abin da aka samu. In lissafi ya fita, masu neman rancen inji su zo, a fara da waɗanda suka riga suka fitar da tarwaɗa zubi ɗaya da bokiti.