ANA ƘIDAYA JIRGI, AN MANTA DA MUTUM BAKWAI DA KE CIKI

Jama'a, a zamanin Yaƙin Hitila, in gari ya waye sai rediyon Landan ta ba da labari cewa daren jiya jiragen Ingila masu jefa bom sun kai wa gari kaza na Jamus hari, an yi ɓarna mai yawa, sa'an nan can ƙarshe a ce jiragenmu kaza ba su komo ba. Daga nan sai a shiga wani labari. Har yau masu yabon manyan hafsoshin wancan yaƙi da wannan harshe su ke magana, an yi hasarar jirgi 40, an yi hasarar jirgi 60, sai ka ce buhunan gyaɗa ne ruwa ya jiƙa a sito. To, kowane babban jirgi irin wanda a ke kira Lancaster mutum bakwai ya ke ɗauka. Mu su za mu ƙidaya yau. Ƙararmu kuwa ita ce, manyan da suka tura su sun san lissafin sarai, sun ga inda za a rage mutuwa suka ƙi, da yaƙi ya ƙare kuma suka juya musu baya.

Ga lissafin. Mutanen da suka yi aiki cikin jiragen bom na Ingila daga 1939 zuwa 1945 wajen 125,000 ne. Daga cikinsu 55,573 suka mutu, watau 44 cikin kowane ɗari. Wasu 9,838 aka kama su fursuna, fiye da 8,000 suka ji rauni. Jirage 8,325 suka halaka a bakin daga. Galibin matattun nan ba su wuce shekara 25 ba, kuma mafi yawansu saje-saje ne, 'ya'yan akawuna da masu kanti da manoma da ma'aikatan masana'antu. Ba kuwa mutanen Ingila kaɗai ba: wajen 10,000 daga Kanada su ke, wajen 4,000 daga Ostareliya. Har da mutanen Afirka ta Yamma sun shiga, kamar Johnny Smythe na Saliyo, mai duba wa jirgi hanya, wanda aka harbo a watan Nuwamba 1943, ya ƙare yaƙin a kurkukun Jamusawa.

Dokar da aka kafa musu ita ce kowa zai kai hari sau 30 kafin a ba shi hutu. Ku 'yan kasuwa ba a koya muku lissafi. Ɗan kasuwar da ya fita da jarin fam ɗari, kowace tafiya 'yan fashi su ƙwace biyar cikin ɗari na abin da ke hannunsa, in ya yi tafiya 30 me zai rage? Fam 21 da 'yan sulalla. Biyar cikin ɗari ba ta da nauyi a kunne, amma ita ce ke cinye mutum huɗu cikin biyar kafin su cika adadinsu. A hunturun harin Balin kuwa, sau da yawa hasarar dare guda ta kan wuce haka. Wannan lissafi ɗan makarantar elementare ma zai iya shi, balle manyan da ke zaune a hedkwata ta High Wycombe da akawunansu da allunansu.

Kada wani ya ce ba su san abin ba ya tafiya daidai ba. A watan Agusta 1941 wani ma'aikacin gwamnati mai suna Butt ya duba hotuna fiye da 600 da jiragen suka ɗauko cikin Yuni da Yuli, ya tarar cikin jirage uku da suka ce sun jefa bom a inda aka aike su, ɗaya tak ya kusanci wurin da mil biyar. A yankin Ruhr, inda masana'antun Jamus su ke, ɗaya cikin goma. Mil biyar fa, jama'a! Kamar a aike ka kasuwa ka sauke kaya a wani ƙauye, ka komo ka ce ka kai. Mai hankali da ya ga wannan rahoto sai ya dakata. Su kuwa sai suka ce tun da ba a iya samun masana'anta da dare, a nufi gari dukansa. Ran 14 ga Fabrairu 1942 aka ba da wannan umurni, bayan mako guda aka naɗa Arthur Harris shugaban rundunar, mutumin da ya yi imani da ƙona garuruwa kamar yadda ɗan caca ya yi imani da karta.

A watan Nuwamba 1943 Harris ya rubuta wa Firayim Minista Cocil cewa in Amurkawa suka sa hannu za a rushe Balin daga wannan gefe zuwa wancan, abin zai ci jirgi 400 zuwa 500, amma Jamus za ta faɗi. Ku lura, shi ma jirgi ya ƙidaya. Amurkawa ba su shirya ba a lokacin, amma bai jira ba. Daga tsakiyar Nuwamba 1943 zuwa ƙarshen Maris 1944 aka yi hasarar jirgi 1,047 da mutum fiye da 7,000. Balin ta sha wuta, ba mu musu, amma Jamus ba ta faɗi ba sai bayan fiye da shekara guda, kuma sojan ƙasa suka shiga suka kama ta. Wakilin kamfanin da ya yi wa ubangidansa irin wannan alkawari, hasara ta ninka biyu riba ba ta zo ba, ai ran nan zai ajiye makulli. Harris ya zauna kan kujerarsa har yaƙi ya ƙare.

Daren da ya fi kowane muni shi ne na 30 ga Maris 1944, da aka tura jirgi 795 zuwa Nuremberg. Farin wata ne. An sa rai gajimare zai rufe su a hanya, amma jirgin da aka aika duba yanayi ya komo da rana ya ce kada a dogara da gajimaren nan. Ba a fasa ba. Hanyar da aka zana musu kuma tana da wani miƙaƙƙen zango na mil fiye da 250 ba kwana ba karkata, ya bi ta kusa da inda jiragen farauta na Jamus ke taruwa su jira. Bennett, shugaban jiragen da ke shiga gaba su nuna wurin jefa bom, ya ce wannan hanya ba ta yi ba, aka ƙi jin tasa. Da suka hau sama sai sanyi ya sa kowane jirgi ya riƙa jan farin layin tururi a bayansa, wata yana haska shi, har makaho ma ya bi sawu. Jamusawa suka yi ta harbo su ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ke baya suna ganin hanya da wutar 'yan'uwansu da ke ci a ƙasa. Jirgi 95 ba su komo ba. Mutum 545 suka mutu a dare guda. Abin takaici, da aka isa Nuremberg ɗin gajimare ya rufe garin, iska ta karkatar da su, yawancin bama-baman suka faɗa gonaki da ƙauyuka, jirage fiye da ɗari ma wani gari dabam, Schweinfurt, suka jefa wa nasu. Jamusawan da suka mutu daren nan ba su kai 200 ba. Wa aka tuhuma? Wa aka sauke? Babu.

Amma abin da ya fi ci mana rai maganar ƙofa ce. Jirgi in ya kama wuta, mutum yana da 'yan daƙiƙoƙi ya ɗaura laimar dira, ya rarrafa cikin duhu da hayaƙi, ya fita ta wata 'yar ƙofa a cikin jirgin. Ta Lancaster faɗinta inci 22 ne, ga mutum sanye da tufafin sanyi masu kauri da laima a ƙirji. Wani saurayi masanin lissafi, Freeman Dyson, wanda ya yi aiki a ofishin bincike na hedkwatar tun 1943, ya ba da labarin abin da suka gano: in an harbo Lancaster, 15 cikin ɗari na mutanen ciki ke tsira, in Halifax ce, wadda ƙofarta ta ɗara da wajen inci biyu, 25 cikin ɗari, jiragen Amurka masu tafiyar rana kuwa wajen rabi. Wani abokin aikinsa ya yi wajen shekara biyu yana faman a faɗaɗa ƙofar nan. Takarda ta shiga wannan ofis ta fita wancan, har yaƙi ya zo ƙarshe ba a ga amfanin abin ba. Inci biyu, tsawon ɗan yatsa bai kai ba! Da a ce wannan inci biyu zai ƙara nauyin bom da jirgi ke ɗauka, kuna tsammani zai kwana shekara biyu a tebur? Lancaster 7,377 aka ƙera, 3,249 suka halaka a bakin daga. Ku ninka da bakwai, ku cire 15 cikin ɗari.

Ba ita kaɗai ba. Tun Agusta 1943 Jamusawa suka ɗora wa jiragen farautarsu bindigogi masu kallon sama. Sai jirgin ya lallaɓo ta ƙarƙashi inda ba mai ganinsa, ya harbi fiffike wurin tankin mai, ya zame. Bindigogin Lancaster na gaba da na baya da na bisa ba wadda ke duban ƙasa. Watanni suka wuce hedkwata ba ta farga ba. Sai wani labari ya bazu cikin yaran wai ƙwallon wutar da su ke gani a sama wani harsashin tsoratarwa ne da Jamusawa ke harbawa don ya yi kama da jirgi mai fashewa. Bayan yaƙi aka bincika, babu irin wannan harsashi. Abokansu ne su ke gani. Dyson da abokan aikinsa sun ba da shawara a cire wasu bindigogin da maharbansu, jirgi ya yi sauƙi ya ƙara gudu, in ma an harbo shi mutum biyar za a rasa maimakon bakwai. Aka ƙi ko gwadawa, alhali ga Mosquito nan a gabansu, jirgin katako mai mutum biyu, ba ya ɗauke da bindiga ko ɗaya sai gudu, shi ne kuwa ya fi kowane jirgin bom nasu komowa gida lafiya.

In kuwa yaro ya kai hari sau 15 ko 20, ya ga gadajen ɗakinsu suna zama wayam, jikinsa ya soma rawa ya ce ba zai iya ba, sai a buga masa tambarin ragwanci a takardarsa. A cire masa alamar jirgi daga ƙirji, saje a mai da shi farabiti, a tura shi wankin kwanuka ko shara don saura su gani su ji tsoro. Mutumin da ya kawo kansa da kansa fa, don duk cikinsu ba wanda aka tilasta wa hawa jirgi. Wanda ya zana hanyar Nuremberg bai taɓa jin wannan tambari a takardarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amurkawa ma sun sha irin wannan ruwa, don manyansu sun dage wai jirgi mai bindigogi da yawa ba ya bukatar rakiya. Ran 17 ga Agusta 1943 suka tura 376 zuwa Schweinfurt da Regensburg, 60 ba su komo ba. Ran 14 ga Oktoba suka sake tura 291 Schweinfurt, 60 kuma, kowanne da mutum goma. Su dai sun ji jiki sun dakata, sai da jiragen rakiya masu dogon zango irin Mustang suka iso.

Mun san abin da 'yan amshin shata za su ce: ai yaƙi ne, Hitila kuwa azzalumi ne, dole a kashe a mutu. Zaluncin Hitila ba mai musunsa. Gaskiya ne kuma hare-haren nan sun tilasta wa Jamus ta tsare dubban igwa da jiragen farauta da sojoji masu yawa a gida, waɗanda da sun tafi bakin daga na Rasha. Amma makaman da Jamus ke ƙerawa ƙaruwa suka yi ta yi har tsakiyar 1944, duk da garuruwan da aka ƙone, duk da mutum kusan 40,000 da wuta ta cinye a Hamburg a Yuli 1943, yawancinsu talakawan unguwannin ma'aikata. Abin da ya karya ƙashin bayanta shi ne bugun matatun mai da hanyoyin jirgin ƙasa a 1944, har jiragenta suka zauna ƙasa ba mai. Wa ya yi ta raina wannan dabara yana jayayya da ita? Harris. Shugabansa Portal ya yi ta rubuta masa takardu a ƙarshen 1944 da farkon 1945 yana lallashinsa ya mai da hankali kan mai, sai ka ce ba shi ne babba ba, ya kuma kasa sauke shi.

Sai ga sakayya. A Fabrairu 1945 aka ƙone Dresden, mutum wajen 25,000 suka mutu, duniya ta soma surutu. Ran 28 ga Maris Cocil, wanda da yardarsa aka yi ta wannan aiki shekara da shekaru, ya rubuta wa manyan hafsoshi takarda yana tambaya ko bai kamata a sake duba jefa bom don tsoratarwa kawai ba, kamar baƙo ne da ya sauka jiya. A jawabinsa na nasara ran 13 ga Mayu 1945 ya yaba wa wannan ya yaba wa wancan, bai ambaci aikin rundunar da ta ba da mutum 55,573 ba. Ba a buga musu lambar yaƙi tasu ta kansu ba. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. A nan kam Harris ya yi fushi saboda yaransa, mu ba shi wannan, amma shi an ƙara masa girma zuwa muƙami mafi girma na sojan sama, a 1953 aka ba shi sarauta, ya rayu har 1984 ya mutu yana da shekara 91, a 1992 aka kafa gunkinsa a tsakiyar Landan. Yaran da ya tura sai ran 28 ga Yuni 2012 aka buɗe musu wurin tunawa a Green Park, shekara 67 bayan yaƙi, mafi yawan kuɗin ma jama'a ne suka tara da gudummawa. A 2013 gwamnati ta ba su wani ɗan ƙarfe da za a maƙala a jikin zaren wata lambar da su ke da ita tun dā, a lokacin da waɗanda suka rage a raye duk sun kusa 90 ko sun wuce, sauran kuwa sai 'ya'ya da jikoki suka cika takarda suka karɓa.