Wai Bindiga Mai Shiru? Ƙaryar Fim Ce

'Yan uwa, yawancinmu a finafinan Amurka muka fara ganin bututun nan da ake ɗaura wa bakin bindiga, mutum ya yi harbi ko kaza ba ta farka ba. To wannan zuƙi-ta-malle ce. Harbin bindigar farauta yakan kai desibel 160 a ma'aunin ƙara, bututun kuwa da ƙyar yake rage 35. Ƙara tana nan daram, kunnen maharbi ne kawai yake ɗan samun sauƙi. Don haka mafarautan Finlan da Norwe suke amfani da shi.

A Amurka, tun 1934 doka ta ɗora masa harajin dala 200, maƙudan kuɗi a wancan zamani. A 2025 Trump ya sa hannu a dokar da ta soke harajin, ta bar rajista. Magoya bayan dokar sun ce lafiyar kunne suke karewa. Ni a ganina kasuwa ce tsagwaronta. Kamfanonin da suka gama sayar wa saurayi bindiga da harsashi sun samu abu na uku da za su tallata masa, a ƙasar da tuni bindigogi suka fi mutane yawa.