Kula da mota: in man sitiyari yana yoyo

Tsofaffin motoci ne ke kai hatsi da bisashe kasuwa. Wasunsu suna da famfo mai tura mai, don sitiyari ya yi sauƙin juyawa. In man nan ya tsiyaye, sitiyari ya yi nauyi, famfo ya riƙa kuka. A kan kwana, da kaya da mutane, wannan hatsari ne.

Ga yadda ake gane wurin yoyo. Mai mota ya goge famfo da tiyo su bushe. Ya shimfiɗa kwali ƙarƙashin gaban mota, ya kwana. Man sitiyari galibi ja ne, tsohon man inji baƙi. Da safe a tada inji, wani ya juya sitiyari dama da hagu, mai mota yana dubawa. Da ido ake dubawa, ba da hannu ba.

Tiyo biyu ne. Mai maido da mai cikin gwangwani, sau da yawa ɗaure bakinsa ya isa. Wanda ke fita daga famfo kuwa, mai yana bin sa da ƙarfi ƙwarai. Ɗauri da roba ba ya riƙe shi, sai a sake sabo. In daga jikin famfo yake zuba, aikin makaniki ne.

Kada a zuba man birki a ciki, yana kumbura robobi. Bayan an ƙara mai, a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa, iska ta fita.

Gyara a gida ya fi kwana a daji.