“An Ce” Ba Hujja Ba Ce, Sikirinshot Ma Haka

'Yan'uwa marubuta, a wannan makon kanmu za mu tsargu. Mun iya siffanta duwatsun Rurum da ruwan Tiga har mai karatu ya ji sanyi, amma da zarar magana ta zo kan alƙaluma sai mu koma “an ce”. Mutum nawa ne a Rano? Nawa a Kibiya? Sai a lalubo wani sikirinshot da ya sha yawo a WhatsApp, babu kai babu kwanan wata, a manna.

Alhali jadawalin na nan a intanet. Shafin City Population ya jera ƙananan hukumomin Kano 44, kowacce da layinta. Kuma jadawalin intanet gini ne mai tsari: kowane layi da alamarsa, kowane gurbi da tasa. Shi ya sa umarni ɗaya a Google Sheets, wato IMPORTHTML, yake kwaso shi gaba ɗaya idan ka ba shi adireshin shafin da lambar jadawalin. Mai ɗan sanin Python kuma zai sa BeautifulSoup ya bi layi-layi har ya tsaya a na Kibiya, ya karanto gurbin da ake so. Bai kai wahalar daidaita ƙafiyar waƙa ba.

Masu cewa wannan aikin injiniyoyi ne, ba na ma'abota alƙalami ba, lalaci kawai suke wa ado. To wa zai rubuta mana makalar da ke tambayar asibiti nawa ya kamaci yawan mutanen Rano? Injiniyan?

Sai dai kwamfuta ba ta da hankali, abin da ka nuna mata take ɗaukowa. A wancan jadawalin, gurbin ƙidayar 1991 yana kusa da na 2006, na gaba kuma hasashen 2022 ne. Ka kuskure gurbi ɗaya, sai ka buga hasashe da sunan ƙidaya, alhali rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Wani ya kwafa daga gare ka, wani daga gare shi, ƙarya ta yi jikoki. Don haka a kwaso kan jadawalin tare da gurbin, a rubuta ranar da aka ɗauko.

Muna roƙon shugabannin wannan zaure: daga mako mai zuwa, duk makalar da ta kawo adadi ba tare da faɗin jadawalin da shekararsa ba, a mayar wa mai ita ya gyara kafin a ɗora.