Toshewar Hanci Da Hunturu: A Yi Hattara Da Maganin Ɗigawa

Da zarar hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi takan lulluɓe birnin Kano. Daga Kasuwar Kurmi har Ƙofar Mata ba a jin kome sai atishawa, balle a lungunan da hayaƙin itace ba shi da mafita. Jama'a kuwa sun mai da kantin magani likitansu, kowa da 'yar kwalbar ɗigawa a aljihu. Wannan ɗabi'a ya kamata a sake dubawa.

Mutane da yawa na zaton majina ce kaɗai ke toshe hanci, alhali kuwa babban dalili shi ne kumburin jijiyoyin jini. Jiki yana yin wata iska mai suna nitirik oksaid wadda ke buɗe jijiyoyin jini, gano hakan ne ma ya sa aka bai wa wasu masana uku na Amurka lambar Nobel a 1998. Tun a 1995 masana a Suwidin suka nuna cewa kogunan ƙashin fuska da ke haɗe da hanci suna yin ta da yawa. Tana kashe ƙwayoyin cuta, tana kuma ƙarfafa 'yan gasusuwan da ke share hanci. To amma ga wanda jikinsa ba ya jituwa da ƙura, takan yawaita, ta shiga cikin abubuwan da ke cika jijiyoyi da jini, hanci ya toshe.

Maganin ɗigawa irin su Otrivin matse jijiyoyin nan yake yi, a sami sauƙi nan da nan. In aka zarce 'yan kwanaki ana ɗigawa, toshewar sai ta dawo fiye da da, an gudu ke nan ba a tsira ba. Kafson kashe ƙwayoyin cuta kuwa ba ya maganin rashin jituwa da ƙura.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da ta wayar da kan jama'a ta rediyo, ta kuma umarci masu kantuna su riƙa gargaɗin masu saye. Ma'aikata da ɗalibai su rufe hanci ranar hazo, su wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta. Wanda toshewar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ya nufi Asibitin Murtala ya ga likita. Allah Ya ba mu lafiya.