Na'ura Mai Daɗin Baki da Kuɗin Taki

A yau matashi a Gwarzo ko Kabo na iya haɗa manhajar ƙirƙirarriyar basira da TradingView, ta karanta masa zanen hawa da saukar farashi, har ta yi ciniki a madadinsa. To amma zanen nan labarin jiya ne kurum. Ita kuwa manhajar gwanar tsara zance ce, sai "wataƙila" ta fito daga bakinta tamkar "tabbas". Da sunan wannan basira CBEX ta yaudari jama'a, kafin ta rushe a Afrilun 2025, EFCC ta shiga bincike. Abin da ke damuna, kuɗin takin bana ne yaro zai miƙa mata, iyayensa ba su sani ba.